Ɗigon Mai a Kan Takarda

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya kunnen? Mu nan lafiya lau muke. Cikin 'yan biyuna, Ƙarama ta yi tari kwana uku, ya sake ta. Babba kuwa haƙorinta na gaba ya faɗi, ta hana kowa sakat da nuna gurbin.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata. Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar Inna, shekara shida ke nan, lokacin 'yan biyun nan suna ciki. Laifina ne, ka yafe mini. Na so in kira ka, sai aka ce mini yanzu ko an manna maka waya a kunne ba ka jin komai. Mu ma nan gonar ba mu da sabis sai an gangara kan hanya. Shi ya sa na koma wa biro. Dogo, direban da ke lodi daga tasharmu zuwa taku, ya ce zai riƙa kai maka. Na rubuta lambar mijina a bayan ambulan, ko wata rana za a buƙata.

Kawu, shawara nake nema. Kajinmu sun yi albarka, ƙwai ya fi ƙarfin babur. Sati biyu da suka wuce mijina, Baban Biyu, ya zame da kiret takwas a hanya, ya dawo gida kamar an yi masa wanka da gwaiduwa. To, ya ƙudura sai ya sayi a-kori-kura ta hannu. Wani dillali a bakin kasuwa ya nuna masa wata fara, mai shan gas, ya ce ba ta sha wahala ba. Tun daga ranar ba shi da zance sai nata. Ko gishiri na ce masa ya ƙare, sai ya amsa mini da girman tayarta.

Ni tsorona hanyarmu. Ba ka taɓa zuwa ba, bari in kwatanta maka. Daga gonar zuwa babban titi gangare ne mai kwana bakwai, dutse a dama, rami a hagu. Inna takan ce duk danginmu babu wanda inji ke yi wa biyayya kamar kai. Ka faɗa mini abin da za mu duba kafin mu saya. Mijina mutumin kirki ne, amma bai san inji ba, kuma ba ya son a ce bai sani ba.

'Yarka,
Uwar Biyu

Uwar Biyu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Sau biyu na karanta, na biyun don in tabbatar ke ce. Yarinyar da ta taɓa zuba mini yashi a gwangwanin giris, yau ita ke neman shawarata! Kunne kam ya riga ni yin ritaya. Ido da hanci suna nan, da su nake cin abinci. Ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce wa mai gurbin haƙori kakanta ma haka yake.

Babu wani laifi tsakaninmu. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙanwa ne, gida ɗaya muka tashi, ita ke rufa mini asiri in na gudu daga makaranta na tafi gareji. 'Yarta ba za ta tambaye ni abu in yi mata rowa ba.

Ki karanta wa surukina wannan a hankali, kamar ke ma ba ki gane ba, don kada ya ji ana koya masa.

Na farko, kuma shi ne babba: kada ku gaya wa dillali ranar da za ku je. Ku faɗo masa da sassafe. Kafin gaisuwa ta yi nisa, surukina ya buɗe bonet ya ɗora tafin hannunsa a kan injin. In da ɗumi, ku yi masa sallama ku dawo wata rana. Inji mai ciwo da safe yake faɗin gaskiya, lokacin da yake sanyi. A nan za ku ji tari, ku ga karkarwa, ku ga hayaƙi. Da ya ɗumama sai ya shanye ciwonsa kamar tsoho a gaban baƙi. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa ganin dillalin da bai san haka ba.

Sannan ku tsaya a baya ku kalli salansa, wato bututun hayaƙi, lokacin da aka tayar. Baƙin hayaƙi kaɗan ba komai ba ne a mai shan gas. In shuɗi ne, tana ƙona baƙin mai. In fari ne mai kauri, ko ruwa yana shiga inda bai kamata ba, ko gas ba ya ƙonewa daidai. Ku buɗe murfin lagireto tun da sanyi, in kun ga kumfa ko maiƙo a ruwan, ku bar masa kayansa. Ku zaro geji, wato siririn ƙarfen nan da ake gwada baƙin mai da shi, ku murza man a yatsa. In ya yi kauri kamar zuma, an zuba shi ne don ya toshe wa ƙara baki.

In kuma kun tarar da injin fes, an wanke shi har yana ƙyalli, ku tambayi kanku me aka wanke. Ni na fi yarda da inji mai dauɗa, don dauɗar ce ke nuna mini inda yake yoyo.

Dillali zai ba ku wurin zama, zai aika a kawo shayi, zai tambayi lafiyar yara. Ku sha shayin, babu laifi. Amma a taɓa injin tukuna.

Kawunki

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, wata guda ke nan ban zauna ba.

Mun saya! Tana nan a ƙofar gida yanzu haka, kaji suna leƙa ƙarƙashinta. Na karanta wa Baban Biyu takardarka yadda ka ce, ya yi ta gyaɗa kai, wai ai duk ya san wannan. Da sassafe muka tafi, sai dai ashe ya aika wa dillalin tun ana gobe za mu je, wai rashin ladabi ne ka faɗo wa mutum kamar ka zo kama ɓarawo. Mutumin kirki ne wallahi, Kawu. Hannu biyu ya karɓe mu, ya ba ni benci a inuwa, da kansa ya zuba mini shayi. Daga bencin nake hango su. Har da wata jar mage kwance a kan bonet tana sharar barci, sai da aka kore ta aka buɗe, ta tafi tana harararmu. A hanyar dawowa na tambayi Baban Biyu ko ya taɓa injin, ya ce ya taɓa, sanyi ƙalau. An wanke shi kam, amma dillalin ya ce duk motocinsa haka yake yi musu, shi mutum ne mai tsabta. Bugu ɗaya ta tashi.

Yanzu kiret arba'in yake saukarwa a tafiya ɗaya, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Da safe tana ɗan yin farin hayaƙi mai yaji a ido, amma kafin in gama ba kaji ruwa ya wuce.

Ga abin da zai ba ka dariya. Ka san kukan kowa da tsohuwar mota shi ne shan baƙin mai. To tamu ba ta sha. Kawu, ƙaruwa ma yake yi! Satin farko ya zaro gejin ya ga man ya ɗan haura alamar sama. Sati na biyu ya ƙara haurawa. Sai ya samo siririn tiyo ya zuƙe kusan kofi guda ya zuba a galan. Yanzu duk Asabar aikinsa ke nan, man har ya fara taruwa a galan ɗin. Cewa yake shi saniyar tatsa ya saya. Abokansa na kasuwa har zuwa suke yi kallo, ɗaya ya ce albarkar neman halal ce. Ga shi nan a gefena yana cewa in tambaye ka, a shekara arba'in ɗin nan taka, ka taɓa ganin irinta?

'Yarka,
Uwar Biyu

Uwar Biyu,

Na samu takardarki. Ina lafiya. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.

Ki ce wa surukina na taɓa gani.

Ina son ki yi mini wani abu, ke da kanki, ba sai kin dame shi ba. Da safe kafin a tayar da ita, ki zaro gejin ki ɗiga man a tsakiyar farar takarda. Ɗigo ɗaya tak. Ki ajiye takardar a kwance ta sha iska, kada ki goge, sannan ki ninke ki sa a ambulan ki ba Dogo. Ki kuma gaya mini ko motar ta taɓa yin wani abu da ya ba ki mamaki, ko da ƙarami ne, ko da kowa dariya ya yi.

Ba na son in yi magana a kan motar mutum ban tabbatar ba, balle suruki da ke cikin murnarsa. Da ina kusa da na duba ta da idona, minti biyar ya ishe ni. Amma ƙafar nan tawa ba ta yarda da doguwar tafiya yanzu.

Kada ki yi jinkiri.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, sai zafi da ya sa kaji rage ƙwai. Takardarka ta yi gajarta, har na ce ko ba ka jin daɗi ne.

Ga ɗigon nan a takarda ta biyu. Na yi yadda ka ce. Da na ɗiga baƙi ne ƙirin, amma kafin in dawo daga ɗakin kaji wani zobe mai haske ya fito a kewayensa, ya bazu, ya ninka tsakiyar faɗi sau uku. Man ba shi da kauri ko kaɗan, zuba yake daga gejin kamar ruwa. Na ce to madalla, tunda mai kauri ka ce mu guda.

Abin mamaki kuwa akwai ɗaya. Shekaranjiya ya dawo daga kasuwa ya tsaya a ƙofar gida, inda ƙasar ta ɗan karkata, hancin motar yana kallon ƙasa. Ya murza makulli ya zare, har ya sa shi a aljihu, amma injin bai mutu ba. Sai ma ya ɗaga murya shi kaɗai, wuuu, kamar an taka totur. Hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse. Ya kai kamar numfashi biyar, sannan ya yi tari ya mutu. 'Yan biyu suka yi ta tsalle suna tafi, wai mota ba ta son a kwantar da ita. Baban Biyu ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa, kuma satin nan bai samu ya zuƙe man ba.

Ka gaya mini babu komai, hankalina ya kwanta.

'Yarka,
Uwar Biyu

Uwar Biyu,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Ki zauna ki karanta wannan, sannan ki tashi ki ɗauke makullin motar nan ki ɓoye inda mijinki ba zai gani ba. In zai yi fushi ya yi. Ki ce ni na sa ki.

Tun kafin in warware takardarki hancina ya gaya mini. Zoben nan mai haske gas ne. Motarku ba haihuwar mai take yi ba. Gas ne ke zurarewa daga nozul, yana bi ta gefen fistin yana taruwa a cikin baƙin mai. Abin da surukina yake tarawa a galan yana nuna wa abokai, ciwon motar ne. Na zargi wani abu tun ranar da kika ambaci magen nan. Mage ba ta hawa ƙarfe mai sanyi da sassafe, ɗumi ta bi. An tayar da injin kafin ku iso. Na yi shiru don kada in ƙaryata mijinki a gabanki, ga shi yanzu ina cizon yatsa.

Ki fahimci wannan da kyau. Mai shan gas ba kamar mai fetur ba ce. Makullinta hanyar gas kawai yake rufewa. In man cikinta ya cika ya tsinke, ta kuma karkata a gangare, sai inji ya fara zuƙo man nan ta hanyar iska yana ƙonawa. Daga nan babu ruwansa da makulli, babu ruwansa da totur. Gudu zai yi ta ƙarawa har ya cinye man ko ya tarwatse. Abin da kika gani a ƙofar gida, gwadawa ya yi.

Inna ta taɓa gaya miki abin da ya sami kunnena? Wannan ne. Wata babbar mota ce aka kawo garejinmu, ni da abokin aikina muna kanta. Injinta ya kama gudu, ita tana tsaye. Mai ita ya zare makulli yana ɗaga mana shi sama, kamar mu ne ba mu gane ba. Abokina ya cusa tsumma a bututun iska don ya shaƙe ta, ta haɗiye tsumman. Ya sunkuya zai sa hannunsa. Ina gefensa lokacin da ƙarfe ya fasa cikin injin ya fito. Kunnena ɗaya a ranar ya tafi, ɗayan ya bi shi a hankali. Shi kuwa 'ya'ya uku ya bari, ni na kai wa matarsa labari.

In har ta kama kafin ku ajiye ta, kada kowa ya buɗe bonet. Surukina ya taka kuloci da birki ya tsayar da ita, kowa ya fita ya yi nisa. Sannan ya sa babbar giya, ya danne birki da duk ƙarfinsa, ya saki kuloci gaba ɗaya. Ko ta mutu, ko kulocin ya ƙone. In ya ƙone, shi ma ya nemi hanyar fita. Mota ce kawai.

Amma kada a kai ga haka. Kada ta sake sauka gangaren nan, ko babu kaya a bayanta. A kawo bakanike har gida, a canja nozul, a juye man. Ki rubuto mini ki ce kin ɓoye makullin.

Kawunki

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Lafiya kuwa? Yau sati uku ke nan ba amsa. Dogo ma ban gan shi ba, an ce motarsa ta lalace a can wajenku, ya koma bin wata hanya. Wannan wani direba na roƙa ya kawo maka. Na ce wa kaina da akwai abin tsoro da ka san yadda ka yi ka sanar da ni, shirunka alheri ne. Baban Biyu kuwa cewa ya yi ka ga ɗigon ka rasa abin kushewa.

Ta sake yin abin nan sau biyu, na biyun ya ɗan fi daɗewa. Ya ma daina zuƙe man, wai wani a kasuwa ya ce masa yawan mai shi ke sa inji sanyi, asara yake yi.

Amma ga labari mai daɗi. Na matsa masa a kan a nuna wa bakanike, ya ce shi ba zai ba 'yan koyo motarsa su jagwalgwala ba. Sai na ɗauko takardarka na nuna masa inda ka ce da kana kusa da ka duba ta da idonka. Sai ya ce, "To, tunda Kawu ba ya iya zuwa, mu mu kai masa ita." Kawu, na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Ranar Asabar mai zuwa za mu taso da safe, mu duka. Za ka ga jikokinka karo na farko. A gaba za su zauna, ɗaya a cinyata, ɗaya a tsakiya. Na ware maka kiret biyar da zakaru biyu, kuma zai cika bayan da ƙwai ya gwada kasuwarku. Babba ta ce in gaya maka sabon haƙori ya leƙo, da kanta za ta nuna maka.

Sai mun iso.

'Yarka,
Uwar Biyu

Uwar Biyu,

Yau Juma'a, la'asar ta wuce, yanzu takardarki ta shigo hannuna. Na san wannan ba za ta riske ki ba. Ina rubutawa ne don hannuna ya samu abin yi.

Na dogara sandata na je tasha. Na tarar da wasiƙata a aljihun teburin mai yankan tikiti, a ƙarƙashin tsofaffin takardu, yadda na liƙe ta. Dogo ya bar masa ya ce ya ba wani, shi kuma ya manta. Yana ta motsa baki yana ba ni haƙuri, ban ji ba, kuma ban so in ji ba. Motar ƙarshe zuwa wajenku ta tashi tun azahar. Ta gobe kuwa lokaci ɗaya za ta tashi da ku.

Na koma wurin Tela, maƙwabcina, na nuna masa lambar da ke bayan ambulan ɗinki. Ya kira ya fi sau goma, sannan ya ɗauki allinsa ya rubuta mini a ƙyalle: ba ta shiga. Kin faɗa mini tun farko, babu sabis sai an gangara kan hanya. Na sa ya rubuta saƙo ya tura. Ya ce saƙon zai tsaya yana jira har wayar ta samu sabis, sannan ya shiga. Wato sai kun riga kun hau gangaren.

Ni na rubuta "da idona". Da hannuna na rubuta, don ina jin nauyin in ce wa suruki ajiye motarka. Ina tsoro, 'yata, irin wanda rabona da shi tun ranar nan ta gareji. Allah ya sa wayar tana hannunki, ba a aljihunsa ba.

Gobe zan fitar da kujera bakin titi. Ba zan ji zuwanku ba, sai dai in gani.

Kawunki

Kawu,

Assalamu alaikum. Na san Tela ya rubuta maka a ƙyalle cewa muna raye, mu huɗu. Ga sauran da ba zai shiga ƙyalle ba. Sai yau hannuna ya yarda ya riƙe biro.

Wayar tana hannun Ƙarama, tana wasa da ita. Mun wuce kwana ta biyu ke nan ta yi ƙara, ta miƙo mini ta ce, "Umma, ta yi magana." Na duba na ga: "Kada ku taso. Gas ne a cikin man. In inji ya ƙi mutuwa, tsaya, fitar da yara, babbar giya, danne birki, saki kuloci. Kada a buɗe bonet. Kawu." Na karanta masa da ƙarfi. Ya yi dariya ya ce tsoho ya fara rikicewa, amma na ga ya kalli madubi. Babu wurin juyawa a nan, hanyar da ƙyar take ɗaukar mota biyu.

A kwana ta huɗu, inda gangaren ya fi tsini, ta kama. Kawu, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana nake jin ta. Ya ɗauke ƙafa daga totur, ta ƙara gudu. Ya murza makulli, ta ƙara. Farin hayaƙi ya rufe bayanmu. Yara suna ihu amma bakinsu kawai nake gani, sai na tuna da kai. Na sa bakina a kunnensa ina maimaita saƙon, kalma bayan kalma. Ya taka kuloci da birki, ta yi ta ja, ta yi ta ja, ta tsaya taku kaɗan daga bakin ramin. Na tura Babba waje, na rungumi Ƙarama muka faɗo, na ja su muka yi sama da gudu.

Shi bai iya fitowa ba. In ya ɗaga ƙafa daga birki za ta tafi da kanta, ga mutane a kwanar ƙasa. Na waiga na hango shi yana kokawa da giya. Ya saki kuloci, ta yi tsalle gaba, birkin ya kasa riƙe ta saboda nauyin kaya. Rami ne a hagunsa, dutse a damansa, ya juya ta ga dutsen. Sai shiru. Ƙwai yana bin titi yana gangarawa, zakarunka biyu suna yawo a ciki.

Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, gwiwar ta murƙushe. Yau satinmu shida a asibiti. Likita ya ce zai taka da sanda, amma ya cire tuƙi daga ransa. Yara ƙujewa kawai suka yi, sai dai Ƙarama in ta ji an tayar da inji, ƙarƙashin gado take shigewa. Wasiƙunka biyu sun zo tare, kwana huɗu bayan abin. Na karanta masa su a gefen gado, wannan karon ban yi kamar ban gane ba. Kada ka ɗora wa kanka, Kawu. Ni na nuna masa layin nan, ni na yi murna.

Dillalin ya zo dubiya da lemo, ya yi ta jajantawa, ya ce zai taimaka ya janye motar ya karɓe ta a yadda take. Muka bar masa, ba na son in ƙara ganinta. Shekaranjiya da safe na bi ta bakin kasuwa zan zo asibiti, sai ga ta. An buga gaban, an yi fenti. Wani mutum da matarsa suna kan bencin nan suna shan shayi, jar magen tana kan bonet. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. Na kori magen, na buɗe, injin yana ƙyalli. Na ce wa mutumin, "Malam, taso ka ɗora hannunka a nan." Ya ɗora, ya janye. Na zaro gejin, man sabo ne, mai kauri kamar zuma. Wasiƙarka ta farko tana jakata, na miƙa wa matar na ce ta karanta wa mijinta da ƙarfi. Dillalin yana ta cewa baƙin ciki ne ya taɓa mini hankali. Suka tashi suka bar shayin rabi. Amma motar tana nan, Kawu, jiya ma na ga an fitar da bencin.

Baban Biyu ya ce in ba shi biron.

'Yarka,
Uwar Biyu

Kawu, ina gaisuwa. Ban iya doguwar takarda ba. Ranar da muka je saye, na ɗora hannuna a kan injin kamar yadda ka ce. Da ɗumi. Na ɗago na ga mutumin yana zuba wa matata shayi yana murmushi, sai na ji nauyinsa, na mayar da hannuna aljihu. Da ta tambaye ni a hanya na ce mata sanyi ƙalau. Ta karanta mini maganar magen nan a wasiƙarka, ba ta kalle ni ba, kuma ba ta tambaye ni ba har yau. 'Ya'yana biyu na ɗora a gaban motar nan ina sane da ɗumin da na ji. Yanzu tana tsaye a kaina tana karantawa.

Surukinka